Sharhi kan foobar2000, manhajar sauraron waƙa da mai ita ke tsara wa fuska

Duk wanda ya buɗe foobar2000 a karon farko zai iya zaton ba a gama gina ta ba, domin abin da zai gani bai wuce farar taga da jerin sunayen waƙoƙi da 'yan maɓallan kunnawa da tsayarwa a sama ba. Peter Pawlowski, mai rubuta manhaja ɗan ƙasar Poland wanda ya taɓa yin aiki a kan Winamp, wata tsohuwar manhajar sauraron waƙa, shi ne ya fitar da ita a 2002, kuma har yau kyauta ake sauke ta. Na daɗe ina sauraron waƙoƙina da ita a kwamfutar tebur, kuma a ganina wannan farar taga fili ne da aka bar wa mai ita ya yi gininsa yadda ya ga dama.

Ginin yana farawa ne daga yanayin gyaran shimfiɗa. Idan mutum ya kunna shi, kowane yanki na tagar yakan zama abin da za a iya cirewa, ko a musanya, ko a raba gida biyu, a tsaye ko a kwance, ta hanyar danna maɓallin dama na linzami a kansa. Ni dai na ajiye jerin kundaye a hagu, na bar wa jerin waƙoƙin da ake kunnawa tsakiya mai faɗi, sannan na sa hoton bangon kundi a kusurwar dama ta ƙasa, da bayanan waƙar da aka zaɓa a samansa. Akwai zanen sauti mai motsi da ake iya ƙarawa, wanda na ɗora na kwana biyu sannan na cire shi, saboda yana ɗauke mini hankali daga abin da nake saurare. Launuka da girman rubutu kuwa aikin minti biyar ne, kuma ana iya adana dukkan tsarin a fayil guda don a mayar da shi idan an canza kwamfuta.

Sai dai inda manhajar ta fi takwarorinta shi ne ɗan ƙaramin yaren da take amfani da shi wajen nuna sunaye. Kowane fayil ɗin waƙa yana ɗauke da bayanai a jikinsa, kamar sunan mawaƙi da na kundi da shekara da lambar waƙa, kuma foobar2000 tana ba mutum damar kiran kowanne da sunansa. Wanda ya rubuta %artist% a wani gurbi zai ga sunan mawaƙi a nan, %title% ya kawo sunan waƙa, %tracknumber% kuma ya kawo lambarta. Idan aka sa ɗaya daga cikinsu a tsakanin baka masu kusurwa, wato [ da ], manhajar za ta ɓoye shi a duk fayil ɗin da ba shi da wannan bayani, maimakon ta cika gurbin da alamar tambaya. Amfanin wannan yakan fito fili a kundin da mawaƙa da yawa suka haɗu a cikinsa: idan aka jera shi da sunan mawaƙi sai ya tarwatse gida goma sha biyu, amma da zarar an cike gurbin mai kundin a jikin fayilolin, aka kuma jera da %album artist%, sai waƙoƙin su koma wuri ɗaya bisa tsarinsu. Ranar da na ga tarin fayilolin da suka yi shekaru a hargitse sun jeru a gabana shekara bayan shekara, ranar na gane dalilin da ya sa masu wannan manhaja ba sa rabuwa da ita.

Wannan yare ɗin ne kuma ake amfani da shi wajen sake wa fayiloli suna da kwashe su zuwa folda-folda. A nan ya kamata a yi hattara, domin fayilolin na ainihi ne ake motsawa, don haka ya fi kyau mutum ya duba samfurin sakamakon da ake nuna masa, ya kuma gwada da kundi ɗaya tukuna. Haka nan duk wannan tsari ya dogara ne a kan ingancin bayanan da ke jikin fayil, kuma gyara su aiki ne mai cin lokaci, ko da yake ana iya zaɓar waƙoƙi ɗari a gyara su a lokaci guda.

Ta fuskar sauti, abu biyu na fi yabawa. Na farko ReplayGain, wanda yake auna ƙarfin kowace waƙa ya rubuta sakamakon a bayananta ba tare da ya taɓa sautin kansa ba, ta yadda tsohon rikodi mai sanyin murya da sabo mai ƙara za su biyo juna ba sai an riƙa kai hannu ga maɓallin ƙara ba. Na biyu shi ne kunna waƙoƙi a jere babu giɓin shiru a tsakani, abin da kundin da aka naɗa a gaban jama'a yake matuƙar buƙata. Tana karanta nau'o'in fayilolin sauti irin su MP3 da FLAC da AAC da Opus kai tsaye, kuma ana iya ware maɓallan madannai da za su yi aiki ko da mutum yana cikin wata manhajar.

Abin da ba ta zo da shi ba ana samun sa a ƙarin sassan da ake jona mata. Columns UI yana maye gurbin fuskar gaba ɗaya da wata mai zaɓuɓɓuka da yawa, Playback Statistics kuma yana ƙirga sau nawa aka kunna kowace waƙa, wanda da shi ake haɗa jerin da ke sabunta kansa, misali na waƙoƙin da ba a taɓa saurare ba. Fitowa ta 2.0 a 2023 ta kawo fuska mai duhu da nau'in bit 64, wato sabon nau'in manhajar baya ga tsohon na bit 32, amma tsofaffin sassan da aka rubuta wa bit 32 ba sa aiki a cikinsa, saboda haka mai son wani tsohon sashe sai ya tabbatar an sabunta shi kafin ya zaɓi nau'in da zai sauke. Kyawawan fuskokin da wasu ke rabawa ma yawanci sun jingina ne da sassa da dama, kuma rashin guda ɗaya kan bar gurbi wayam a tsakiyar taga.

Shafin saitunanta yana da rassa masu yawa, da Turanci kaɗai yake, kuma ba ya yi wa baƙo jagora. Wanda yake son ya buɗe manhaja ya same ta a ƙawace tun daga ranar farko zai fi jin daɗin takwararta MusicBee. Wanda kuwa yake da dubban fayilolinsa a kwamfuta, ina ba shi shawarar ya girka foobar2000 a yanayin da ke ajiye komai cikin folda guda, ya kwafi foldar ya ajiye gefe kafin kowane babban gyara, sannan ya fara da ginshiƙai uku ko huɗu na jerin waƙoƙi kafin ya taɓa wani ƙarin sashe.