Noctua NF-A12x25 da Arctic P12: Wacce Ta Dace da Akwatin Kwamfuta?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka sayi fankar sanyaya kwamfuta ta Noctua NF-A12x25 guda uku ka sa a akwatin kwamfutarka, ko kuwa fankar Arctic P12 PWM (wato mai gudun da ake iya saitawa) za ta wadatar, tunda ƙara ce ta dame ka. A ganina P12 ta ishe ka, amma da sharaɗi guda.

A takarda tazararsu ba ta da yawa. Dukansu milimita 120 ne. Ta Noctua, wadda kamfanin na Ostiriya ya fitar a 2018, tana kaiwa juyi 2000 a minti, matsin iskarta kuma milimita 2.34 a ma'aunin ruwa, ita kuwa P12 tana tsayawa a juyi 1800 da matsi 2.2. Alkaluman ƙarar da ke jikin kwali kada ka dogara da su, domin Noctua da desibel take aunawa, Arctic kuma da wani ma'auni daban mai suna sone, kuma kowanne a ɗakin gwajinsa.

Abin da ake biya wa tsada a Noctua shi ne ƙirarta. Tsakanin bakin fikafikanta da bangon da ke kewaye da su rabin milimita ne kacal, abin da ya sa aka ƙera su da wata roba mai tauri da ake kira Sterrox, don kada su miƙe su goga bango bayan shekaru ana juyi. Wannan matsatsi yana hana iska silalewa baya idan ta ci karo da cikas, shi ya sa fifikonta ya fi bayyana a kan lagireton sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. A bayan akwati, inda hanya a buɗe take, bambancin yana raguwa ƙwarai, alhali kwalin P12 mai guda biyar sau da yawa kuɗinsa kusan na Noctua ɗaya ne.

Sharaɗin shi ne gurnani. P12 ta yi suna da wani siririn amo da ke tashi a wajajen juyi 1000, wanda ma'aunin ƙara na waya kan kasa nunawa sosai, amma kunne yana kama shi da dare idan gari ya yi tsit. Maganinsa ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake buɗewa lokacin kunna ta, ka ɗaga gudun fankar kaɗan-kaɗan har ka gano inda amon yake, sannan ka saita ta ƙasa ko sama da wurin.

Idan za ka gwada da kanka, kada ka kwatanta su a ƙarshen gudunsu. Ka daidaita ƙararsu daga nisa ɗaya, murfin akwati a rufe, ka ɗora wa kwamfutar aiki iri ɗaya, sa'annan ka cire zafin ɗaki daga zafin furosesa, domin a bazara awon safiya da na azahar ba za su zo ɗaya ba. Ka kuma wanke ragar tace ƙura kafin gwajin, tunda ragar da ƙurar hunturu ta toshe tana iya rage iska fiye da duk bambancin da ke tsakanin fankokin biyu.