Bikin dare ko rakiyar maras lafiya: amsa ga ƙanenmu na Tawa

Ƙanena da ka zo Yamai karatu daga Tawa, ka ce an gayyace ka bikin dare na ƴan harka, wato maza masu neman maza, a wani gida, kuɗin shiga jika biyar, wani kuma ya ce ka zo ku yi aikin sa kai na lafiya, kana tambayar wanne za ka kama. Kama aikin lafiya. Na taɓa duka biyun, kuma ɗaya ne kawai nake ciza yatsa a kan kuɗin da na zuba masa.

Shekara ta shida ke nan ina raka mutane likita, kuma ba da shiri na fara ba. Wani abokina ne da muke shan shayi a fada guda ya kama tari, wata biyu bai sake shi ba. Ina kallonsa ya ƙara huda bel ɗinsa sau biyu don wando ya daina zamewa. Kowa ya ga ramar, ba wanda ya ce uffan. Wata safiya cikin zafin Afrilu na tare taksi na ce masa tashi mu je. A kan bencin jira ya riƙe gefen rigata kamar yaron da aka kai lakwal ranar farko, tafin hannunsa duk zufa. Da aka kira shi ya ce ba zai shiga ba sai da ni. Gwaji ya nuna ƙwayar sida, aka duba majinarsa aka samu tarin fuka a kai. Da muka fito ya zauna bakin hanya ya ce mini shi ke nan, a yafe masa. Na ce masa mu fara shan fura tukuna, sauran magana ta biyo baya.

Aka sa shi maganin tari na wata 6, aka haɗa masa da ARV, maganin da ke danne ƙwayar sida, ƙwaya guda kowace rana, duka kyauta. Tsoronsa kada ƴan gidansu su gane kwalbar, sai muka juye ƙwayoyin wata guda cikin kwalbar bitamin, muka ɗaura shan maganin da sallar isha'i don kada ya manta. Kullum in an idar sai in buga masa salula sau ɗaya in katse, shi ma ya bugo sau ɗaya, na san ya sha. Da aka auna jininsa daga baya aka ce ƙwayar ta yi ƙasa har na'ura ba ta ganinta. Ranar dambu da kopto ya saya mana, ya cinye nasa ya sa hannu cikin nawa. Mahaifiyarsa har yau in ta gan ni sai ta ce, ɗana, Allah ya yi maka albarka, kai ka riƙe ɗan uwanka da ya yi tari. Abin da ta sani ke nan, kuma ya ishe ta.

To, aikin ke nan in aka tuɓe masa sunan Faransanci. Za ka ji ana cewa pair éducateur, ma'ana mai faɗakar da tsaransa. Rakiya ce, da tunatarwa, da riƙe sirri, da sanin ƴan abubuwan da ke ceton rai. A horon farko za a koya maka cewa wanda ya yi mu'amalar da yake tsoron ya ɗauki ƙwayar, akwai maganin gaggawa da ake fara sha kafin awa 72 su cika, a sha shi kwana 28, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Gwajin da aka yi kwana kaɗan bayan abin ya faru bai isa ba, sai an sake bayan wata 3. Man kaɗe da bazilin da duk wani mai suna lalata kwaroron roba, shi ya sa ake raba mai santsi na ruwa. Wanda kuma yake shan ARV a kan lokaci har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji ba ya sa wa abokin kwanansa. Wallahi na ga mutumin da wannan magana ta ƙarshe kaɗai ta sa ya fashe da kuka, don shekara uku yana ganin kansa kamar guba. Tarin fuka shi ne kan gaba wajen kashe masu ɗauke da ƙwayar, saboda haka tarin da ya wuce sati biyu ba na shan citta da zuma ba ne, na likita ne.

Abin da ya sa na fi nace maka da wannan, aikin na kowa ne. Yau za ka raka ɗan uwanmu, gobe matar aure mai ciki, jibi direban babbar mota. Ba a rubuta wa kowa komai a goshi ba. In kawunka ya tambaye ka ina kake zuwa ranar Asabar, ka ce aikin yaƙi da sida da tarin fuka, gaskiya ka faɗa. Kuma a cikinsa ne za ka san mutanenmu a hankali, ɗaya bayan ɗaya, da rana tsaka, ka ga halin mutum kafin ya san gidanku. Ƴan uwanmu mata da waɗanda shigarsu da tafiyarsu ke jawo musu ido a hanya sun fi kowa buƙatar ɗan rakiya, don sau da yawa tun daga bakin ƙofar likita kallo da gatse ke mayar da su gida ba su ga kowa ba. Mutum guda a gefensu yana sauya yadda ake yi musu magana.

Kada ka shiga don kuɗi. Wani lokaci a ba ka na taksi, wani lokaci daga aljihunka. Yawancin kuɗin yaƙi da sida a ƙasar nan daga waje yake zuwa, musamman daga Asusun Duniya da ake kira Fonds mondial, kuma tun 2025 da Amurka ta tsuke bakin aljihunta ayyuka irin wannan suka shiga matsi a ƙasashe da yawa. Akwai kuma nauyin zuciya. Na raka gawar mutum biyu da suka zo a makare.

Bikin kuwa, ban ce babu daɗi ba. Dare ɗaya mutum ya yi rawa ya yi dariya ba ya duba bayansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya saba haɗiye maganarsa. Amma ni jika goma sha biyar na kashe tsakanin anko da kuɗin shiga, aka ce za a karɓe saluloli a ƙofa, ba a karɓe na kowa ba, kafin sati ya zagayo hoton wani yaro ya isa hannun yayansa. Ya bar gari bai gama karatunsa ba. Tun ranar ban sake taka irin wannan taro ba.

Kuma lokacin da na je ba irin yanzu ba ne. Kundin Refondation, babbar dokar tafiyar da mulkin Nijar da aka ƙaddamar a watan Maris 2025, ya ambaci wannan harka da sunanta ya ce an haramta ta. Mali ta sa hukunci a dokarta a ƙarshen 2024, Burkina ta bi baya a Satumba 2025 da ɗaurin shekara 2 zuwa 5. A Najeriya tun 2014 doka ta tanadi shekara 14 ga auren jinsi, shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko shirya taro, kuma duk mai sauraren rediyo ya sha jin an yi kame a wurin biki a Kano. Mutum arba'in cikin gida guda, da kiɗa, da maƙwabta, da salula arba'in, kai kuma baƙo da ba ka san fuskar kowa ba. Baƙo ko da ido makaho ne. In aka yi kame, ɗan gari yana da wanda zai kira, kai labarin sai ya riga ka isa Tawa.

Ba ka tambaya ba, amma bari in faɗa maka, akwai masu cin abinci da tsoronmu. Na farko su ne masu sayar da katin ƙungiya. Zai ce ka kawo jika ashirin ko hamsin a yi maka kati da takardar shaida mai hatimi, wai da ita za a ba ka mafaka a Faransa ko Kanada. Ƙarya ce. Ba a sayen mafaka, kuma takardar bogi in aka gano ta, ita ce ke rushe maganar mai gaskiya. Ga shi ka bar sunanka da hotonka a hannun ɓarawo. Aikin sa kai na gaskiya ba ya karɓar ko dala daga hannunka, ba ya tambayarka da wa kake kwana kafin ya ɗauke ka. Na biyu masu tarko a Facebook da WhatsApp: hira mai daɗi sati guda, a nemi hotonka, a kira ka wani ɗaki a bayan gari, ka tarar da mutum uku suna jira, a ƙwace salula a ce kawo kuɗi ko a kira babanka. Wanda ya biya sau ɗaya, za su dawo. Na uku masu sayar da ARV ko maganin gargajiya wai yana warkar da sida kwata-kwata. ARV kyauta ne a likitar gwamnati, kuma na san wanda ya ajiye ƙwayoyinsa saboda jarkar tsimi, wata huɗu muka kwantar da shi.

Shi wanda ya gayyace ka aikin lafiyar ma ka auna shi. Ka ce ya kai ka ofishinsu da rana, ka ga ko suna aiki da wata cibiyar lafiya da kowa ya sani, ka ga ko akwai ma'aikacin lafiya a cikinsu. In ya fara kewaye-kewaye, ka bar shi. Za ka iya zuwa da ƙafarka sashen gwajin sida na CSI (ƙaramar likitar unguwa) mafi kusa da kai ko CTA (cibiyar kula da masu sida) ta nan Yamai, ka fara da gwada kanka, sannan ka tambayi ƙungiyoyin da suke aiki da su. Kusan 1 ga Disamba, ranar yaƙi da sida ta duniya, an fi neman hannu wajen faɗakarwa da gwaji, lokacin ne shiga ta fi sauƙi.

In kaɗaici ne ke cinka, na san shi, ni ma da shi na zo garin nan. Mu biyar ne muke adashin jika ɗaya-ɗaya kowace Juma'a, ba mu da suna, ba mu da takarda, wanda aka kora daga gida ko ya rasa kuɗin magani shi ke ɗauka. Shekara biyu muka yi da sanin juna kafin mu fara. Jika biyar ɗin nan taka ka riƙe ta, kuɗin taksin rakiya ne na sati biyu ko uku. Kada ka sa lambarka a nan cikin jama'a, kuma hoton da ke kan shafinka, wanda aka ga ƙofar gidanku a bayanka, ka cire shi yau.