Honda Big Red na 1984: gwani a aikin gona, mai wuyar sha'ani a kwana

ATC200ES, wanda aka fi sani da Big Red, babur ne mai ƙafa uku da manoma da makiyaya a Amurka suka rungume shi don zagaya gona, duba shinge da kai wa dabbobi abinci. Honda ta fara fitar da irin waɗannan masu ƙafa uku a 1970, amma kusan na wasa ne. Sai a 1982 ta kawo Big Red na farko mai kariyar ɗaukar kaya gaba da baya da sitata ta batir. Na 1984 ya ƙara abu biyu da mai gona ke buƙata: ribas, da sandar farfela a maimakon sarƙa, don haka babu zancen ja ko shafa wa sarƙa mai a cikin laka.

Injin silinda ɗaya ne, 192cc, iska ke sanyaya shi. Giya biyar gare shi, kulocin kuma da kansa yake kamawa, ba a matsa shi da hannu. Akwai wani liba na daban da ake zaɓar babbar giya, ƙarama ko ribas. A ƙaramar giya nan ne yake nuna kansa: yana tafiya a hankali kamar mai tafiya a ƙasa, yana jan ƙaramar tirela cikin yashi ko danshi, bai tsaya yana haƙa rami ba. Idan batir ya mutu akwai igiyar da ake ja a tayar da inji. A wannan fannin ban ga abin kushewa ba.

Matsalar tana wajen tuƙi, kuma daga ƙirar take. Tayoyin baya biyu a kan sandar ƙarfe guda suke, babu giyar nan da ke barin taya ɗaya ta fi ɗaya gudu a kwana. Keke Napep yana da ita, shi ya sa wanda ya saba da keke yake zaton ya iya wannan, alhali ba hanyarsu ɗaya ba. A Big Red tayoyin baya kullum gaba suke son miƙewa. Ka juya kai kawai kana zaune daram a kujera, tayar gaba za ta riƙa shara ƙasa, babur ya wuce inda ya nufa. Ka ƙara wuta a haka, tayar ciki ta ɗaga, ya wuntsila ta kusurwar da ke tsakanin tayar gaba da tayar baya ta waje, inda babu abin da zai tokare shi.

Yadda ake shan kwana da shi: a rage gudu tun kafin a iso, a matsa gaba a kan kujera don tayar gaba ta kama ƙasa, a danna ƙafa a matakin da ke waje, a karkato da ƙirji da kafaɗu zuwa cikin kwanar. Wannan yana rage wa tayar ciki nauyi har ta ɗan zame, babur ya juyo. A riƙe totur daidai, shi ma da babban yatsa ake danna shi, ba murɗawa ba. Kada a cafke birkin gaba a tsakiyar kwana. A kan turɓaya ko ciyawa abin yana zuwa da sauƙi. A kan kwalta ko daɓen siminti kuwa tayar ciki ba ta samun zamewa, nan ne ya fi haɗari, ko da gudun bai kai ya kawo ba.

Akwai ɗabi'ar da mai babur mai ƙafa biyu dole ya bari: sauke ƙafa idan abu ya karkata. Tayar baya tana daf da bayan dunduniya, za ta taka ƙafar ta janyo mutum ƙasa.

Iskar taya ita ce rabin tuƙin. Tayoyin 25x12-9 ne, kuma iskar da ake so kusan 2.2 psi ce kacal. Gejin mai faci na mota ba ya ma motsi a wannan adadi, sai an nemi na ƙaramar iska. Baya babu shokozoba, tayar ce ke shanye gargada, saboda haka in aka cika ta da iska babur zai riƙa tsalle kamar ƙwallo, ya ƙi zama a ƙasa. In kuma taya ɗaya ta baya ta fi ɗaya iska, zai riƙa ja gefe guda komai riƙon da aka yi wa kai. Hanya mafi tabbas ita ce a zagaya kowace taya da tef na awo, a daidaita su.

A hawa, a miƙe tsaye a jingina gaba. In ya mutu ya fara komowa da baya, birkin gaba za a kama, domin taka na baya da ƙarfi a lokacin shi ke kifo shi a kan mai shi. A gangara a sa ƙaramar giya, a koma baya a kan kujera. Ratsa gefen tudu a karkace abu ne da zan ce a bar shi gaba ɗaya in akwai wata hanya. Kaya ma suna sauya halinsa: a lafta wa kariyar baya, gaba ya yi sakayau ya daina jin juyi, a ɗora tankin feshi rabin cike, ruwan ya riƙa kai kawo yana tura babur a kwana. Igiyar jan kaya a maƙala ta a wurin da aka tanada a ƙasa, ban da jikin kariya. Goyo kuwa babu shi, tsawon kujerar don matuƙi ya samu wurin matsawa ne.

Yawan haɗurra, musamman na yara, shi ya sa a 1988 gwamnatin Amurka da kamfanonin suka yi yarjejeniyar daina sayar da sababbin masu ƙafa uku. Ke nan duk wanda za a samu yau ya kusa shekara 40 ko ya wuce, sai a duba shi da idon basira.

A fara da baƙin mai. Wannan inji ba shi da matatar takarda, raga ce da wata 'yar matata mai juyawa a cikin murfin dama, wadda mutane da yawa ba su taɓa buɗewa ba. Kamshaf kuma, wato sandar da ke buɗe bawul, a kan alminiyon kan injin yake juyawa kai tsaye, datti a mai yana cinye wurin, gyaran kuwa sai sauya kan. A zuba 10W-40 na babur, na mota yana iya sa kuloci santsi. Tazarar bawul 0.05 mm ce, inji na sanyi. Fulogi NGK DR8ES-L, tazararsa 0.6 zuwa 0.7 mm. In sai da cok yake tsayawa, ƙaramin jet na kafireta ne ya toshe, galibi da tsatsar tanki.

Sai a ɗaga baya a girgiza kowace taya. Motsi na nufin boris ya tafi ko haƙoran da ke riƙe taya a sandar sun cinye. A kwance man giyar baya a gani: in ya fito fari-fari, ruwa ya shiga, kuma kayan wannan wurin su ne mafi wahalar samu da tsada. Birkin ganga ne gaba da baya, laka na shiga, wayoyin na cijewa, don haka a ɗauka za a buɗe su a wanke tun ranar farko.

Ga babban mutum mai shimfiɗaɗɗiyar gona, wanda zai sa hular kwano ya riƙa tafiya a hankali, Big Red zai biya shi. Mai gona a kan tudu, ko wanda yaransa za su riƙa ɗauka, ya nemi mai ƙafa huɗu.