Taswirar CalEnviroScreen 4.0: tana nuna masu shaƙar hayaƙi, ba ta nuna mai hayaƙin

A Kaliforniya, tun 2013, masana'antar da ke fitar da tan 25,000 ko fiye na iskar da ke ɗumama duniya a shekara sai ta gabatar da takardar izini kan kowane tan, kuma takardun haja ce, ana saye ana sayarwa. Matatar mai a Wilmington ko Richmond na iya sayen izini ta ci gaba da aikinta, hayaƙin kuma bai fasa sauka a kan maƙwabta ba. Don gano irin waɗannan unguwanni ake amfani da taswirar CalEnviroScreen ta OEHHA, hukumar jihar mai auna haɗarin muhalli ga lafiya, wadda sigarta ta huɗu ta fito a Oktoba 2021. Kyauta ce a intanet.

Ka rubuta adireshi, ta nuna maka yankin ƙidayar da gidan yake, cikin yankuna kusan 8,000. Ma'auni 21 take haɗawa: 13 na gurɓata, irin su ƙurar PM2.5 mai matuƙar ƙanƙanta, hayaƙin dizil, maganin feshi da dalmar tsofaffin gidaje, sai 8 na halin mazauna, kamar asma, talauci da haihuwar jarirai marasa nauyi. Kowane ɓangare makinsa ba ya wuce 10, a ninka su da juna. Ninkawar nan ita ce ƙarfinta, domin unguwar da ta haɗa hayaƙi da talauci nan take take hayewa sama. Kashi 25 na yankunan da suka fi yawan maki ake kira al'ummomin da aka bari a baya, kuma dokar AB 1550 ta 2016 ta ce a kashe aƙalla kashi 25 na kuɗin da jihar ke samu daga gwanjon takardun izinin a cikinsu.

Sai dai makin na gwada yanki da yanki ne. Iskar unguwa na iya gyaruwa matsayinta bai motsa ba, idan sauran ma sun gyaru. Ma'aunin asma kuwa daga zuwa sashen gaggawa na asibiti ake ɗaukarsa, don haka inda asibiti ke da nisa, ko baƙin haure ke tsoron zuwa, lambar kan fito ƙasa da gaskiya.

Babban giɓinta: ba ta faɗa maka wace masana'anta ta sayi izini maimakon rage hayaƙi. Mai neman hujjar kai ƙorafi sai ya haɗa da taswirar gurɓata ta CARB, hukumar kula da iska ta jihar, wadda ke nuna abin da kowace babbar masana'anta ke fitarwa shekara-shekara.