Shagon kayan jarirai a bakin Kasuwar Dole ta Damagaram

Cikin maiɗakina na wata biyar na fara zuwa wannan shagon. Haihuwar fari ce, ban san hawa ba ban san sauka ba. Mai shagon, wata dattijuwa, ta karɓi takardar kayan da ƙanwata ta rubuto min, ta soke kusan rabinta. Ta ce, “Ɗana, jaririn kwana bakwai me zai yi da takalmi? Riƙe kuɗinka, ragon suna da itacen wankan jego na jiranka.” Ai kuwa itacen nan na kwana arba'in ya fi baho da tawul cin kuɗi.

Abin da ya fi min daɗi, tana karɓar biya kaɗan-kaɗan. Duk Alhamis in kai mata jika biyu, wato sefa dubu biyu, ta rubuta a wani littafi mai baƙin bango, ta ware kayan a buhu da sunana. Kafin watan haihuwa na haɗa baho, gidan sauro, zannuwan goyo huɗu, sabulu da man shafawa, ban ci bashin kowa ba.

Sai dai kayanta daga Kano suke zuwa, farashin kuma bin canjin naira yake. Bahon da ta ce jika uku, bayan sati biyu ya koma uku da rabi. Rigunan sanyin ma ba su da kauri. Yarinyar ta zo a tsakiyar hunturun Damagaram, dole na koma wajen 'yan gwanjo. A duba maɓallai kafin a biya, biyu sun cire a wankin farko.