Tuwon Kwanar Dangora, a hanyar Zariya

Daga Kano muka nufi Zariya gaida Gwaggo a Tudun Wada, yunwa ta tsayar da mu a Kwanar Dangora. Rumfar kwano ce a gefen tasha, da bencina da bahon wanke hannu. Mai abincin ba ta da yawan magana, amma ta iya girki. Tuwon shinkafarta da laushi, miyar taushen kuwa ta ji kabewa da gyaɗa, daddawa daidai misali, ga man shanu har ya so ya yi yawa. Naman ne dai sai mai ƙarfin haƙori. Baba bai ce uffan ba, ya tura wa yara nasa.

Akwai ƙudaje, kuma babu banɗaki na kirki, masu tafiya da iyali su sani. Duk da haka, zan sake tsayawa.

Gwaggo ta yi mana faɗan cin abinci a hanya, sannan ta cika mu da fura. Da la'asar muka shiga birni ta Ƙofar Doka, muka ga zanen ƙofar fadar Sarkin Zazzau da tsohon masallacin da Babban Gwani ya gina, wanda sashensa ya rufta a 2023.