Zotero da aikin tace kundin maƙalu

Bayan an tashi daga taron ƙara wa juna sani da sashenmu ya shirya kan harshen Hausa, sai aka ɗora mini tace maƙalu 23 domin a fitar da su a kundi guda. Gyaran jimla da ƙa'idojin rubutu bai wahalar da ni ba kamar yadda manazarta ta yi. Kowane malami da salonsa na jera manazarta: wannan yana bin tsarin APA, wancan tsarin Chicago, wani kuma ya gauraya su. Ƙamusun Bargery na 1934 kaɗai na tarar an rubuta shi ta hanya huɗu, har da wanda ya canza masa shekara.

Wata abokiyar aiki ce ta ce in gwada Zotero. Manhaja ce ta kyauta ta tattarawa da tsara manazarta, wadda aka fara fitarwa a 2006 daga Jami'ar George Mason ta Amurka, kuma tana shiga cikin Word ta zauna. Na buɗe rumbu ɗaya ni da mataimakin edita, muna zuba littattafai da muƙalun mujallu kowa daga kwamfutarsa. Duk abin da yake da lambar DOI ko ISBN, wato lambar shaida ta muƙala ko ta littafi, da ka liƙa lambar sai bayanansa su sauko da kansu. Inda aka shigar da littafi sau biyu, takan nuna maka, ka haɗe su.

Ranar da kwamiti ya yanke shawarar a koma APA bugu na 7, gabana ya faɗi, don a da wannan aikin makonni ne. Salo kawai na sauya, sai ga kowane babi ya jeru yadda ake so. Na daɗe ina kallon shafin.

Sai dai mai aiki da kayan Hausa ya shirya zama. Yawancin kundayen digiri da ke ajiye a sassan jami'o'inmu, da tsofaffin littattafan da aka buga a Zariya, da hirarrakin da aka yi da mawaƙa da maroƙa, ba su da wata lamba. Da hannu muka shigar da su ɗaya bayan ɗaya, muna lura kada ƙ da ɗ da ɓ su rasa lanƙwasarsu. Sunayenmu ma sai an kula, musamman na marubutan da ke amfani da sunan garinsu a ƙarshe. Dole edita ya tsayar da wanda zai zo a gaba, ya bi shi har ƙarshen kundi.

Wurin ajiya na kyauta da Zotero ke bayarwa a intanet megabait 300 ne, don haka bayanan kawai muka ɗora, fayilolin suka zauna a kwamfutocinmu. Kafin in miƙa wa maɗaba'a, na ajiye kwafi guda, sannan na cire mahaɗan Zotero daga ɗayan don kada rubutun ya motsa a hannun mai tsara shafuka. A taro mai zuwa, tun a takardar gayyata zan roƙi masu gabatarwa su yi amfani da Zotero.